Zinariya a Jikin Bindiga: Labarin Maƙeran Eibar

A arewacin ƙasar Sifen, cikin duwatsun mutanen Basko, akwai wani gari mai suna Eibar wanda tun ƙarni na 16 aka san shi da ƙirar makamai, kuma a cikinsa ne sana'ar dasa zinariya da azurfa a jikin baƙin ƙarfe ta kai wani matsayi da har yau ake kwatance da shi. Ita dai sana'ar ta girmi garin nesa ba kusa ba, domin maƙeran Sham da Farisa da Hindu sun daɗe suna ƙawata takubba da kwalkwali da ita, har Turawa suka jingina ta ga birnin Dimashƙu.

Gidan da ya ɗaukaka ta shi ne gidan Zuloaga. Eusebio Zuloaga, wanda aka haifa a 1808, ya yi koyo a ƙasar Basko da Faransa, ya zama maƙerin bindigar Sarauniya Isabel ta Biyu, aka kuma danƙa masa kula da taskar makaman fada a Madrid, inda ya yi shekaru yana gyaran sulken sarakunan da suka shuɗe, yana nazarin hikimar magabata. Ya kai kayansa babban baje-kolin Landan a 1851. Amma a ganina ɗansa Plácido, wanda ya rayu daga 1834 zuwa 1910, shi ne gwanin gidan na haƙiƙa.

Hanya ɗaya ta wannan aiki ita ce a haƙa siririn kwari a jikin ƙarfen, cikinsa ya fi bakinsa faɗi, a cusa zaren zinariya a doke shi har ya cika gurbin. Hanyar da Plácido ya inganta kuwa, sai maƙeri ya ɗauki wuƙa mai kaifi ya yi ta tsattsaga fuskar ƙarfen da layuka ƙanana da ido da ƙyar yake rabe su, a tsaye da gicciye da karkace, har wurin ya yi kaushi kamar harshen kyanwa. Sa'an nan ya ɗora zaren zinariya wanda bai fi gashi kauri ba, yana bi da shi bisa zanen, yana dannawa, yana bugawa da 'yar guduma, ita kuwa zinariyar, saboda taushin da Allah Ya halicce ta da shi, sai ta nutse cikin haƙoran ƙarfen ta kama, ba da lanƙo ba, ba da narkarwa ba. Bayan haka a baƙanta ƙarfen don hasken zinariyar ya fito, a goge, a koma da ƙananan kayan aiki a fitar da jijiyar ganye da inuwar fure. Wanda ya san bambancin maƙerin baƙi da maƙerin fari a ƙasarmu zai gane nauyin al'amarin, domin a nan mutum guda ake bukata ya san halin ƙarfe da halin zinariya gaba ɗaya, alhali kuskuren bugu ɗaya na iya ɓata aikin makonni.

Da Plácido ya karɓi maƙerar, sai ya fitar da sana'ar daga kan bindiga kaɗai zuwa akwatuna da tuluna da agogo, musamman bayan wani attajirin Ingila, Alfred Morrison, ya riƙa sayen aikinsa shekara da shekaru. Shi ne kuma ya ƙera kushewar Janar Prim, shugaban gwamnatin da aka kashe a Madrid a 1870. Ya horar da almajirai fiye da 200, waɗanda suka buɗe nasu wuraren.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne wani zane da maƙeran suka ƙaunata. Daular Musulmi ta Garnaɗa ta faɗi tun 1492, amma sai ga maƙera Nasara, bayan shekara kusan 400, suna kwaikwayon naƙashin bangon Alhamra, fadar sarakunan Garnaɗa, wato Banu Nasar, har da rubutun Larabci na takensu, wanda ke shaida babu marinjayi sai Allah. La'alla da yawansu ba su iya karanta haruffan ba, amma sun dasa su da kula da ladabi. A ƙarni na 20 wannan zane ya hau kan ƙananan bindigogin masana'antun Star da Astra da Llama, waɗanda ake yi wa ado don kyautar sarakuna da manyan hafsoshi. Da masana'antun suka rufe, masu aikin suka ƙaranta ƙwarai a Eibar, cinikin ya fi tsayawa a birnin Toledo, inda galibin abin da ake sayar wa baƙi 'yan kunne ne da faranta, wasu ma inji ne ya buga su.