Tarihin Injin CNC: Sarrafa Sassaƙar Ƙarfe da Lambobi

Injin CNC shi ne injin sassaƙa ƙarfe wanda kwamfuta ke tuƙa wuƙarsa bisa lambobin da aka rubuta masa tun kafin a fara aiki. A tsohon inji, ma'aikaci ne ke riƙe da marfin murɗawa, idonsa a kan zane, yana matsar da wuƙar gaba ko baya gwargwadon ƙwarewarsa. A wannan kuwa an riga an faɗa wa injin inda wuƙar za ta tashi, inda za ta tsaya da irin gudun da za ta yi, kuma a inji mai kyau kuskurensa ba ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wani ma bai kai haka ba. Da shi ake ƙera giyar mota, sassan injin jirgin sama, gangar jikin wayar salula, ƙarfen da likitoci ke dasawa a ƙugu, da mazubin da ake zuba roba a ciki. An haifi fasahar a Amurka tsakanin 1948 da 1952 da kuɗin soja, amma a Japan ne ta yi arha har ta isa ƙananan masana'antu.

Kafin zuwan lambobi

Tunanin a bar inji ya bi umarni shi kaɗai ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1804 Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon a Faransa ya fito da masaƙar da ke karanta adon zane daga katuna masu huji. Wajen 1819 Thomas Blanchard a Amurka ya ƙera injin da ke bin jikin samfuri yana kwaikwayonsa a kan itace, aka riƙa sassaƙa gindin bindiga da shi a ma'aikatar makamai ta Springfield. A 1873 Christopher Spencer ya yi injin noti da kusa mai aiki da kansa, wanda wani faifan ƙarfe mai tudu da kwari ke tura wuƙaƙensa.

Injinan Blanchard da Spencer suna da aibi guda: umarnin da kansa abu ne da aka sassaƙa. In ana son sauya abin da ake ƙerawa, sai an zauna an sassaƙa sabon faifai ko sabon samfuri. Mai buƙatar noti miliyan iri ɗaya ya ci riba. Mai buƙatar sassa hamsin masu wuyar siffa, waɗanda gobe ma za a iya sauya zanensu, ba shi da mafita sai hannun gwani. Halin da masu ƙera jiragen sama suka tsinci kansu a ciki ke nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Parsons da Stulen

John T. Parsons, wanda ya rayu daga 1913 zuwa 2007, yana da masana'anta a garin Traverse City na jihar Mishigan, inda yake ƙera farfelar jirgi mai saukar ungulu. Wahalar aikin tana wajen lanƙwasar farfelar. Masu zane sukan ba da ɗigo 17 kacal a kan layin lanƙwasar, sai ma'aikaci ya haɗa tsakaninsu da ido, ya yanka, ya bi da zarto yana gogewa. A 1946 Parsons ya ɗauki wani injiniya mai suna Frank Stulen aiki. Stulen ya yi amfani da injin lissafi na IBM mai aiki da katuna masu huji, irin wanda ofisoshi ke lissafin albashi da shi, ya fitar da ɗigo 200 a maimakon 17.

Yadda suka fara aiki da lambobin nan abin lura ne, domin babu waya ko ɗaya tsakanin injin lissafin da injin sassaƙar. Mutum ɗaya yana tsaye da takarda yana karanto lambobi, mutum biyu suna murɗa marfi, wannan na tsaye, wancan na kwance. A kowane ɗigo sai a nutsa wuƙar ta ɗan ci ƙarfen, a ɗago ta, a wuce na gaba. Aiki ne mai cin rai, amma abin da ya fito ya fi na hannun gwani daidaito. Daga nan tambayar ta fito da kanta: tun da mutanen nan uku ba abin da suke yi sai isar da lamba, me zai hana katin ya yi magana da injin kai tsaye?

A watan Yunin 1949 rundunar sojin saman Amurka ta ba Parsons kwangilar dala 200,000 don ya gina irin wannan inji. Da ya ga yana buƙatar injinan juyi na lantarki masu tsayawa daidai inda aka ce, sai ya nufi ɗakin binciken da Gordon Brown ya kafa a jami'ar MIT, inda aka ƙware a kan na'urorin saita bindigogi a lokacin yaƙi. Injiniyoyin MIT suka ga abin ya wuce yadda Parsons ya kawo shi. Maimakon nutsa wuƙa ɗigo bayan ɗigo, suka ce a bar ta ta yi tafiya ba yankewa, wani ma'auni yana sanar da na'urar inda wuƙar take a kowane lokaci, ita kuma tana gyara mata zama. Tunanin ya fi na Parsons inganci, ya kuma fi shi tsada ƙwarai. Ba a jima ba MIT ta ƙulla tata kwangilar kai tsaye da sojoji, aka bar mai ɗaki a waje.

A watan Satumbar 1952 aka nuna injin ga jama'a. Wani injin Cincinnati Hydro-Tel ne aka yi wa gyara, yana motsi ta fuska uku, yana karanta umarni daga doguwar takarda mai huji, na'urar sarrafa shi kuma akwatuna ne jere cike da ƙwayayen lantarki irin na tsohuwar rediyo. Parsons ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a watan Janairun 1958. Sai a 1985 Shugaba Ronald Reagan ya ba shi da Stulen lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha. Yabon ya makara, amma ya faɗa inda ya dace, domin daga masana'antarsu tunanin ya fito, ba daga jami'a ba.

Hanyar da aka bari

Akwai wata hanya da ta taso a daidai wannan lokaci wadda ba a cika ambata ba. A ƙarshen shekarun 1940 injiniyoyin General Electric sun gina na'urar da ke naɗe motsin hannun gwani a kan tef yayin da yake ƙera abu na farko, sannan injin ya riƙa maimaitawa. A nan ilimin yana hannun ma'aikaci, shi ne mai koya wa injin. Marubuci Kurt Vonnegut, wanda ya yi aiki a kamfanin, ya gina littafinsa Player Piano na 1952 a kan irin wannan sauyi. Masanin tarihi David Noble kuma, a littafinsa Forces of Production na 1984, ya yi hujjar cewa masu masana'antu sun fifita lambobi ne saboda suna ɗauke iko daga hannun ma'aikata su mai da shi ofis. Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, ko da yake ba ita ce duka ba: wasu sassan jirgin yaƙi babu hannun da zai iya ƙera ko na farkonsu, balle a naɗe motsinsa.

Harshen umarni

Masana'antu ba su yi rububin sayen sabon injin ba. Yana da tsada, yana yawan lalacewa, shirya takardar umarninsa kuma yakan ci lokacin da ya fi na sassaƙar. Sai da sojin sama suka sayi injina sama da 100 a tsakiyar shekarun 1950 suka raba wa 'yan kwangilarsu kafin abin ya kankama. Matsalar rubutun umarni kuwa Douglas Ross na MIT ne ya jagoranci warware ta da harshen APT, wanda aka bayyana a 1959. Da shi mutum zai siffanta layi da da'ira da kalmomi, kwamfuta ta fitar da dubban lambobin. A farkon shekarun 1960 aka daidaita tsarin da ake kira G-code, wanda har yau shi ne yawancin injina ke ji: G00 na nufin a garzaya ba tare da yanka ba, G01 a yanka a miƙe, G02 da G03 a yanka a zagaye. A ƙarshen shekarun 1950 kuma kamfanin Kearney & Trecker ya fito da Milwaukee-Matic, injin da ke sauya wuƙaƙensa da kansa.

Japan ta karɓe kasuwa

A 1956 wani injiniyan Fujitsu mai suna Seiuemon Inaba ya jagoranci gina na'urar sarrafa inji da lambobi a Japan. Sashen nasa ya zama kamfani mai zaman kansa a 1972, shi ne FANUC, wanda a yau hedikwatarsa ke gindin Dutsen Fuji. Babu wata rundunar soja mai biyan kowane farashi a bayan Japanawa. Abokan cinikinsu masu ƙera mota ne da ƙananan masana'antun da ke yi musu sassa, mutanen da ke ƙirga kowane sisi. Don haka suka mai da hankali ga na'ura mai sauƙi, mai jure aiki, wadda za a ƙera da yawa a ɗora wa injinan kamfanoni daban-daban. Da 'yar mitsitsiyar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta bayyana a 1971, ba su yi nawa ba wajen karɓarta. Kwamfutar ta koma jikin injin, takarda mai huji ta fara ɓacewa, ma'aikaci ya sami damar gyara umarni a gaban injinsa. Wani ɓangare na ikon da aka kai ofis ya dawo hannunsa ke nan.

A 1982 Japan ta zama ta ɗaya a duniya wajen ƙera injinan sassaƙa, ta riƙe matsayin har Sin ta karɓe shi a 2009. Kamfanonin Amurka da suka saba da cinikin soja sun sha kashi, har gwamnatinsu ta sa Japan da Taiwan suka amince a 1986 su taƙaita injinan da suke shigarwa. A 1988 kamfanin Haas na Kalifoniya ya mayar da martani da injin VF-1 a kan ƙasa da dala 50,000, wato ya bi darasin Japan.

Duk da wannan arha, manyan injinan ba su taɓa rabuwa da sha'anin tsaro ba. A 1987 aka gano cewa Toshiba Machine ta Japan da Kongsberg ta Norway sun sayar wa Tarayyar Sobiyet injina da na'urorin da za su iya sassaƙa farfelar jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku ta yi sumul har ƙararta ta ragu. Fushin ya kai wasu 'yan majalisar Amurka suka farfasa rediyon Toshiba da guduma a harabar majalisa. Har yanzu, a ƙarƙashin yarjejeniyar Wassenaar ta 1996, injin da ke motsi ta fuska biyar kuma daidaitonsa ya kai wani mizani ba ya fita daga ƙasashen da suka sa hannu sai da lasisin gwamnati.