Daga Wii zuwa Dareta: tarihin wasan motsa hannu da gubar dalma

1/ Jama'a, zaren yau yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Tarihin na'urorin wasan bidiyo da ake bugawa da motsin jiki zan ba ku, amma sai mun biya ta Dareta, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara. Kada ku ce me ya haɗa kifi da kaska. Dalma ce ta haɗa su.

2/ Abin da ya tayar da maganar: abokina ya dawo daga Kano da sabuwar Switch, muka jona ta a Gusau muka gwada Switch Sports. Tanis, ƙwallon raga, har da wasan takobi. Ba danna maɓalli kawai ba ne, sai ka miƙe ka kai hannu. Minti ashirin na yi kafaɗata ta fara ƙorafi.

3/ Yaran da ke wurin sun ɗauka sabuwar fasaha ce. To ba sabuwa ba ce. Tun 1989 kamfanin Mattel ya fito da Power Glove, safar hannu da ake sarrafa wasan Nintendo da ita. Ba ta jin motsi yadda ya kamata, ba ta daɗe a kasuwa ba. A 2003 Sony ya kawo kyamarar EyeToy ga PlayStation 2.

4/ Wadda ta juya kasuwar ita ce Wii. Ta fito a Amurka ranar 19 ga Nuwamba 2006, a kan dala 250, haɗe da Wii Sports mai wasanni biyar, ciki har da tanis da damben Turawa. A cikin rimot ɗinta akwai ɗan abin da ke auna sauri da karkatar hannu, da ƴar kyamara mai ganin hasken da idonmu ba ya gani.

5/ Mutane suka riƙa kai duka da gaske, rimot yana suɓucewa yana fasa talabijin. A Disambar 2006 Nintendo ya ce zai canza igiyoyin ɗaura rimot a wuyan hannu har miliyan 3.2 da masu kauri. Duk da haka an sayar da Wii sama da miliyan 100. Kakanni ma sun buga.

6/ Ganin haka, sauran suka shigo. Satumbar 2010 Sony ya fito da PlayStation Move, sanda mai ƙwallo mai haske a kai. Ranar 4 ga Nuwamba 2010 Microsoft ya saki Kinect, wadda ba ta buƙatar ka riƙe komai. Tana watsa dubban ɗigon haske a ɗaki, ta gano inda kai da gwiwa da hannunka suke.

7/ Kinect miliyan 8 aka sayar a kwana 60 na farko, har ta shiga kundin Guinness. Daga baya yayinta ya wuce, aka daina ƙera ta a 2017. Amma Apple ya sayi PrimeSense, kamfanin da ya yi mata ido, a 2013. Irin wannan dabarar ce ke gane fuskarka a iPhone yau.

8/ Yanzu ku riƙe shekarun nan biyu, 2006 da 2010. Kun san abin da mai gyaran rediyo ke narkawa ya liƙe waya? Asalinsa haɗin kuza ne da dalma. Daga 1 ga Yuli 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a sababbin kayan lantarki, don kada ta bi shara ta shiga ƙasa da ruwa da jikin mutane.

9/ Wato lokacin da Wii ta isa Turai a Disambar 2006, dokar tana aiki. An lissafa ɗan mitsitsin dalmar da ke rufe cikin akwatin roba, aka ce a rage shi. Ku ajiye wannan a ranku, mu dawo gida.

10/ A 2006 oza ɗaya ta zinare tana wajen dala 600. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 masu kuɗi suka ruga suna ɓoye dukiya a zinare, ƙarshen 2010 ya haura dala 1,400. Manomi a Anka da Bukkuyum ya duba abin da gero ke kawowa, ya duba dutsen da ke bayan gari. Wa zai ga laifinsa?

11/ Matsalar ita ce dutsen yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana fasa shi da guduma, a kai injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin, a shanya. Da yawa a cikin gida ake yi, mata na daka a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci, a bakin rijiya.

12/ A Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima, da amai da jijjiga. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce.

13/ Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka da jami'an Najeriya suka bi gida-gida a Dareta da Ƴargalma. Cikin yara 463 ƴan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata 12. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

14/ A lokacin, ma'aunin Amurka ga filin da yara ke wasa shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan na ƙasar wurin. A wasu wurare a ƙauyukan nan an samu sama da 100,000. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai aƙalla 400, dubbai kuma suka kamu.

15/ Me ya sa yara? Saboda wasa. Ɗan shekara biyu a ƙasa yake wuni, ya yi rarrafe, ya damƙi ƙasa, ya kai hannu baki. Cikinsa kuma ya fi na babba tsotse dalma. A shekarar da ake tallar na'ura mai karanta motsin hannun yaro a falo, wannan motsin hannun ne ke kai namu kabari.

16/ Kada a yi mini mummunar fahimta, ban ce zinaren Dareta aka sa a Kinect ba. Gaskiya ne akwai ɗan zinare a cikin irin waɗannan na'urori da wayoyinmu, amma yawancin zinaren duniya kayan ado da ajiya yake tafiya. Abin da nake nunawa shi ne guba ɗaya ce, kariyar ce ta bambanta.

17/ Maganin ma sai da aka fara da ƙasa. Ba amfanin ba yaro magani ya koma gidan da ya kamu. Tun Yunin 2010 TerraGraphics da Blacksmith Institute tare da mutanen gari suka fara kankare saman ƙasar gidaje a Dareta da Ƴargalma, a binne ta, a zuba sabuwa. MSF kuma ta riƙa ba da maganin da ke janye dalma daga jini.

18/ Aka bi Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal na Follow The Money suka tayar da gangamin #SaveBagega a Twitter, a farkon 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. Eh, a irin wannan dandalin da kuke karatu yanzu.

19/ Magani yana rage dalmar, amma ba ya mayar da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Wanda yake goye a Dareta a 2010 yau matashi ne, sa'ar wasunku. Idan karatu na yi masa wuya ko yana saurin mantuwa, kada a yi gaggawar kiransa daƙiƙi.

20/ Kuma abin bai zama tarihi ba tukuna. A 2015 ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, aka ɗage hanin a Disambar 2024. Muddin zinare na da tsada, za a ci gaba da fasa dutse.

21/ Don haka duk mai ɗan'uwa a wannan sana'a, don Allah ya isar masa: kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi. A jiƙa shi kafin niƙa don rage ƙura. A yi wanka a canza kaya kafin a ɗauki yaro. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci.

22/ Ku ma masu shagon gyaran waya da gem, tsofaffin na'urori na iya ɗauke da dalma, kada a ƙona su kusa da gida, kada a bar yaro ya tauna wayar liƙi. Ƴan Anka, Gummi da Bukkuyum da ke nan, ku faɗa mana yadda ake aikin a garuruwanku yanzu. Allah ya jiƙan yaran da muka rasa.