Tarihin Babur Mai Hayaƙi Da Kanikawansa A Zuba

A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wata sana'a da ta ciyar da gidaje masu yawa a cikinmu, wato gyaran babur mai hayaƙi, wanda kanikawa ke kira tu-sitirok. Sana'ar tana canza kama a gaban idonmu, kuma yaranmu da ke zaune a rumfunan gyara su ne abin zai fi shafa.

Kowa ya san Zuba mararraba ce. Nan hanyar Kaduna ta haɗu da ta Lakwaja, nan kuma ake ɓallewa zuwa Dei-Dei da Kubwa har cikin birni. Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan yanki, don tun 1828 Abu Ja ya kafa tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ga ta nan gaba da Dutsen Zuma. Amma cikar da muka yi a ƙasar Agora ta biyo bayan dokar da Janar Murtala ya kafa a watan Fabrairun 1976, da kuma tarewar gwamnati ran 12 ga Disamba 1991. Wanda bai iya kuɗin haya a Garki ko Wuse ba, sai ya sauke kayansa a Zuba ko Madalla ko Tungan Maje. To mutum yana kwana nesa da wurin nemansa, lungunan unguwa kuma mota ba ta shiga, me ya rage in ba babur ba?

Kafin wannan lokaci babur abin ado ne. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a farkon 1975, malaman makaranta da akawuna suka yi ta sayen Vespa da Yamaha da Suzuki da Honda, kuma da wuya ka ga mai babur ya ɗauki mutum don a biya shi. Shirin SAP na Janar Babangida a 1986 ne ya juya al'amarin. Naira ta faɗi, mota ta gagari talaka, aka yi ta rage ma'aikata, litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. Nan babur ya zama jari. Kanawa suka ce acaɓa, Sakkwatawa suka ce kabu-kabu, mutanen kudu suka ce okada, mu nan kuwa goyin muka fi ji.

Yawancin baburan Honda ba su hayaƙi. Yamaha 100 da Suzuki 100 da Vespa su ne masu hayaƙin, kuma Yamaha da Suzukin 'yan acaɓa suka fi runguma. A irin wannan inji, duk hawa da saukar fistin sau ɗaya sai wuta ta tashi, alhali a ɗaya injin sai ya hau ya sauka sau biyu. Ba bawul, ba sarƙar taimin, wasu ƙofofi ne a jikin bulok da fistin ɗin ke buɗewa yana rufewa da kansa. Ga shi ba nauyi, ga fizga, kayan ciki kaɗan, har yaro mai kai zai iya kwance shi da hantsi a gindin mangwaro ya ɗaure kafin la'asar. Aibinsa ɗaya, ba ya ajiye baƙin man da zai shafe fistin. Dole man ya bi fetur ya shiga ya ƙone tare da shi, hayaƙin ke nan. Wani Bature ɗan Sikotlan, Dugald Clerk, shi ya yi rajistar irin injin a 1881, kuma babur na farko da Yamaha ta ƙera a 1955 daga DKW na Jamus ta kwaikwayo shi. Ashe su ma Japan ɗin da kallo suka fara.

Ran wannan babur kuwa kafireta ce, nan ake gane bakanike da ɗan koyo. Aikinta ta gauraya fetur da iska daidai gwargwado. A ƙarƙashinta akwai ɗan kwano da fetur ke taruwa, da fulot mai toshe hanya in kwanon ya cika, kamar ƙwallon tankin ruwa. Sai jet biyu, ƙarami mai riƙe silo da babba mai ba da mai in an murɗe totur duka. Tsakaninsu akwai allura, wadda wayar totur ke ɗagawa, a kanta an yi tsaga-tsaga, galibi biyar, da ɗan kilif. In aka sauke kilif ɗin ƙasa allura ta ɗaga, mai ya ƙaru, in aka mai da shi sama mai ya ragu. Sukurun iska kuma, a hankali ake ɗaure shi har ya zauna, a kwance shi zagaye ɗaya da rabi, daga nan sai a bar wa kunne sauran aikin. Mun sha ganin tsohon bakanike ya tsugunna da sukundireba a hannu, ya kawar da kai gefe yana saurare, yana taɓa sukurun kaɗan-kaɗan har inji ya daidaita numfashi. Ba mita, ba littafi.

In ya gama, sai ya ce wa yaro ya zaga da babur ya dawo, a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi kalar ƙuli-ƙuli, madalla. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa, ko soson tace iska ya toshe. In kuwa ya yi fari kamar toka, to inji na cikin yunwa, kuma wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba, don zafi zai yi yawa har fistin ya kama ko ya huje.

A nan ne rigimar ɗan acaɓa da bakanike take. Kullum maganar ɗan acaɓa ita ce, "Oga, a rage mini shan mai." Bakaniken kirki zai rage daidai, ya ce iyakarta ke nan. Na banza kuwa zai sauke allura har ƙarshe ya karɓi kuɗinsa, mai babur ya yi kwana biyu yana murna, ran da ya ɗauko mutum biyu da buhun lemo daga kasuwar 'ya'yan itace sai inji ya buga. Garin neman gira a rasa ido. Haka masu zura waya cikin jet wai suna wankewa, suna faɗaɗa ramin ba su sani ba, alhali wanki da fetur da hurawa sun isa. Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu ƙura ke toshe soso, da damina ruwa ke kwanciya a gindin kwano. Babur ɗin da aka saita a Jos, inda tudu ya kai mita 1,200 iska ba ta da kauri, in ya sauko Zuba sai an ƙara masa mai.

Akwai kuma famfon baƙin mai, wanda Yamaha ta fara sa wa baburanta a 1964 da sunan Autolube, Suzuki kuma ta kira nata CCI. Wayar totur takan rabu biyu, ɗaya ta tafi kafireta ɗaya ta tafi famfo, yadda duk murɗawar da ka yi man zai ƙaru daidai da ita. A jikin famfon akwai alamomi da dole su yi daidai da juna, in waya ta saki mai ya ragu ba wanda ya sani. Da yawa daga cikinmu ba su yarda da famfon ba, suka cire shi suka koma awo da murfin galan. Da man tu-ti ake zubawa da da sauƙi, amma wasu har man da aka juye daga mota suke tsiyayawa. Sai salansa ta toshe da gawayi, a cire ta a jefa a wuta a kakkaɓe. Zamanin Janar Abacha kuwa, da lita ta kai Naira 11 a 1994 ga dogon layi a gidajen mai, 'yan bumburutu marasa tsoron Allah suka riƙa sirka fetur da kananzir. Kanikawa ba su taɓa samun ciniki irin na shekarun nan ba.

Daga ƙarshen shekarun 1990 sai Jincheng ta ƙasar Sin ta shigo, wadda aka ƙera bisa tsarin Suzuki AX100. 'Yan kasuwar Nnewi, irin su Innocent Chukwuma mai kamfanin Innoson, suka riƙa shigo da babura a warware suna harhaɗawa, farashi ya sauko. Mu faɗi gaskiya a nan, mu muka hau, mu muka gyara, amma cinikin kayan gyara, inda ribar take, abokan zamanmu ne suka riƙe shi. Duk wanda ya shiga kasuwar sifiya ta Zuba ya san haka.

A watan Oktoban 2006 Malam Nasiru el-Rufa'i, yana ministan Abuja, ya hana acaɓa a cikin birni, baburan suka turo gefe irin namu. A Janairun 2013 Kano ma ta hana ɗaukar fasinja, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A tsakanin nan ne Bajaj Boxer ta Indiya ta mamaye hanya, ba hayaƙi, ba awon mai, ga tsimin fetur, ta kori Jincheng ba tare da faɗa ba. Tsofaffin kanikawa suka koma kan ƙaramin janareta da injin yankan katako, don su ma tu-sitirok ne. Ita Boxer ɗin tana da kafireta, shi ya sa ilmin bai mutu ba, musamman bayan cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, da maganar rage shan mai ta dawo sabuwa.

Sai dai Indiya da ke ƙera mana baburan ta tsaurara dokar hayaƙi a gidanta tun Afrilun 2020, kuma akasarin sababbin baburan da ake sayarwa a can ba su da kafiretar da muka sani. A madadinta akwai 'yar kwamfuta da sansa a jikin totur, mai gaya mata yadda aka murɗa. Waya uku gare ta, ɗaya ta kawo bolt 5, ɗaya ta ƙasa, ta ukun ta mai da saƙo, daga wajen rabin bolt in totur na rufe zuwa wajen huɗu da rabi in an buɗe duka. In lambar tana tsalle a kan mita maimakon ta hau a hankali, sansa ta ci. Kunne ba ya jin wannan, kuma kanikawan mota a nan Zuba sun daɗe da cin karo da shi.

Shawarar da muke miƙa wa shugabannin ƙungiya ita ce a ware dare biyu a mako a ɗakin Islamiyya, bayan isha'i, a samo mai gyaran wayar mota ya koya wa yaran rumfuna karanta lamba da riƙe mita. Mita guda ba ta fi ƙarfin aljihun ƙungiya ba, allo kuwa muna da shi.