Sinizit mai daɗewa da kansar hanci: yadda ake bambanta su

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke rufe birnin Maradi da garuruwan kewaye irin su Tibiri da Jiratawa, toshewar hanci da ciwon kai kan zama ruwan dare. Galibi mura ce, ko kumburin kogunan hanci da likitoci ke kira sinizit. Sai dai akwai wata cuta da ke fara bayyana da irin waɗannan alamomi, wato kansar hanci da kogunansa.

Mene ne sinizit mai daɗewa?

Kogunan hanci wasu ramuka ne masu iska a cikin ƙasusuwan goshi, kunci da tsakanin idanu. Idan fatar cikinsu ta kumbura har tsawon makonni 12 ko fiye, ana cewa sinizit ɗin ya zama mai daɗewa. Alamominsa su ne toshewar hanci, majina mai kauri, nauyin fuska da raguwar jin ƙamshi, kuma yawanci yakan kama ɓangarorin biyu. Ƙura, hayaƙin itacen girki, taba sigari da ruɓaɓɓen haƙorin sama na iya tsananta shi. Ana magance shi da wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta da maganin fesawa, wani lokaci kuma sai an yi tiyata.

Mafi yawan masu sinizit ba su da kansa. Haɗarin shi ne mai kansa ya ɗauka sinizit ne, ya yi watanni yana sayen ƙwayoyi a hannun masu tallan magani.

Wa kansar ta fi kamawa?

Cuta ce da ba ta da yawa: a duniya ba ta wuce kimanin mutum 1 cikin 100.000 a shekara ba. Ta fi kama maza, musamman waɗanda suka haura shekaru 50. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya ƙurar katako da ƙurar fata cikin abubuwan da ke haddasa ta. Wannan ya shafi Maradi kai tsaye, garin da ya yi suna da fatar jar akuya, inda dukawa, masu ɗinkin takalma da kafintoci ke shaƙar ƙura kullum. Shan taba ma na ƙara haɗarin. Sanya takunkumi da buɗe wurin aiki iska ta shiga na rage shi.

Alamomin da ba a jinkiri da su

- Toshewar kafar hanci ɗaya da ta ƙi jin magani
- Haɓo ko majina mai jini daga ɓangare guda
- Kumburin kunci ko mutuwar wani sashen fuska
- Fitowar ido, yawan hawaye ko ganin abu biyu-biyu
- Girgizar haƙoran sama ba tare da dalili ba
- Ƙullutu a wuya

Yiwuwar warkewa

Ta dogara ne da matakin da aka gano cutar. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan kansar ba ta wuce inda ta tsiro ba, sama da mutum 80 cikin 100 na raye bayan shekaru 5. Idan ta bazu zuwa sassa masu nisa, adadin bai kai rabi ba. Wurin na maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa, shi ya sa duk watan da aka ɓata ke ƙara wa tiyata wahala.

Ina za a je?

Mazaunin Tibiri ko Jiratawa zai fara da CSI mafi kusa, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya tun yaushe ciwon ya soma da kuma ɓangaren da ya kama, sannan ya nemi takardar zuwa manyan asibitocin Maradi domin ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wato ORL. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar leƙa hanci da na'ura, hoton skana, da yanko ɗan nama a auna. Magani ya ƙunshi tiyata, gashi da na'ura, wani lokaci da kimiyoterapi. Tun shekarar 2021 ake yin gashin a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, mai nisan sama da kilomita 600 daga Maradi, don haka ya kamata iyali su fara shirin kuɗin mota da masauki da zarar likita ya ambaci tafiyar.