Tauraron da Ba Shi da Suna a Tukunyar Shayinmu

A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo cikin kayan shayinmu a Daura. Busasshen ɗan itace ne ruwan ƙasa, mai siffar tauraro, yawanci da ƙafa takwas. Idan muka tambayi mai kayan ƙamshi sunansa, sai ya ce sta anis, ko ya ce "mai tauraro" ya ci gaba da awo.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun saba da cewa abin da ba a raɗa wa suna ba, ba a iya kiransa. Shi ya sa rashin sunan ya tsaya mana a rai, domin sauran abokan zamansa a faranti kowanne sunansa na faɗin hanyar da ya biyo. Kanumfari daga Larabci ne, ƙaranful. Asalinsa tsibiran Maluku na Indunisiya, kafin a dasa shi a Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Girfa da hulba su ma da sunayensu na Larabci suka iso. Daura tana tsakanin Kano da Damagaram, yankin da ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Agadas da Gat har Tarabulus, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 fatauci ya juya kudu. Kimba da masoro kuwa daga kurmi fatake suka hauro da su, sun daɗe har sun zama 'yan gida a yajin jego da kunu.

Shi tauraron nan a kudancin Sin da arewacin Biyetnam ake nomansa, can ake zuba shi a romon nama da farfesu. Ya isa Ingila tun 1588, amma bai samu gurbi a daurin yajin kakanninmu ba. Mu dai a leda muka san shi, da kuma bidiyon girki a waya.

Ta wayar ne kuma labarin maganinsa ya zo, ya fi ƙamshin yaɗuwa. Akwai gaskiya a ciki. Daga jikinsa ake tatsar wani sinadari da kamfanin Roche ya yi amfani da shi wajen haɗa Tamiflu, har aka yi ƙarancinsa a 2005 lokacin fargabar murar tsuntsaye. Sai dai tsakanin sinadarin da ƙwayar maganin akwai matakai masu yawa a masana'anta. Tafasa tauraro a buta ba ya mayar da shi Tamiflu.

Abin da ya fi damunmu shi ne yana da ɗan'uwa na ƙasar Japan mai guba, wanda idan ya bushe da wuya ido ya raba su. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan shan shayinsa, bayan mutane, ciki har da jarirai, sun yi ta amai da jijjiga. Kakarmu ta san adadin kanumfarin da ke isar mai jego, domin ta gada. Wannan kuwa ba wanda ya gada, ga shi ana tura saƙo a WhatsApp cewa a jiƙa wa jariri don ciwon ciki.

A shayin manya muna jefa guda ɗaya mu tsame. Jariri kam ba ma ba shi.