Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kallo a Ƙasarmu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu da muka tashi a Kademi da ƙauyukan Gaya da Ajingi shekaru sittin da suka wuce, a gaban motar majigi muka fara gane ma'anar wannan karin magana. Da yamma motar za ta iso, a kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da janareto. Bayan sallar isha'i gari ya hallara, dattawa a kan tabarmi, yara a gaba cikin ƙura, mai bayani yana fassara da lasifika.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo majigi, musamman bayan sun kafa hukumar shirya finafinai ta ƙasashen da suke mulka a 1939. Manufarsu ita ce koyar da tsabta da rigakafi da noma, da kuma tallata mulkinsu. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan aiki, daga baya Jihar Kano ta ci gaba da shi bayan ƙirƙiro ta a 1967. Tsofaffinmu ba su manta da Baban Larai ba, fim ɗin da ya ja hankalin manoma zuwa ga noman zamani.

A birni kuwa silima ce ke tashe. An buɗe Rex a Kano a 1937, amma iyaye ba su ɗauki gidan silima wurin ɗan mutunci ba. Gobarar silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara tsananta wannan ƙyama. Duk da haka finafinan Indiya da Kwarori suka riƙa shigowa da su sun kama zukatan jama'a, domin a cikinsu an ga kunya da biyayya ga iyaye da auren dole, abubuwan da Bahaushe ya sani. Har masu bege da bandiri sun ari karin waƙoƙinsu. Mu kanmu, lokacin da muke Kwalejin Horon Malamai, wanda ya je birni hutu ya dawo da labarin fim shi ne sarkin hira.

Sai talabijin ta shigo. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a 1982, wasan kwaikwayon Hausa ya shiga ɗakuna. Kaset ɗin bidiyo kuma ya ba matasa damar yin nasu fim ba tare da jiran gwamnati ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan sana'a. A 1999 aka raɗa mata suna Kannywood, a 2001 kuma gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai saboda koke-koken malamai da iyaye kan rawa da waƙa. Daga kaset aka koma faifan CD, sannan tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014. Yau fim yana cikin wayar hannu, yaro yana kallo shi kaɗai, babu babba a kusa da zai ce masa wannan daidai ne, wancan kuskure ne.

A nan ne abin ya shafe mu. Yawancin waɗannan finafinai rayuwar birni suke nunawa: falo da mota da gidan bene. Idan mutumin ƙauye ya fito, sau da yawa abin dariya ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ke Warawa, wanda ya rasu a 2014, ya ba mu dariya ƙwarai, Allah Ya jiƙansa. Amma 'ya'yanmu da aka haifa a Kano da Kaduna da Legas, waɗanda ba sa zuwa gida sai da salla, da yawansu ta wannan madubi kaɗai suka san ƙauye. Saurayin da ke gida kuma yana ganin arziki sai a birni, sai ya jingine fartanya ya tafi.

Ba zagin 'yan fim ne maganin wannan ba. Na'urar da a da sai gwamnati ke iya mallaka, yanzu tana aljihun kowannenmu. Ƙasar Gaya tana da tarihi mai zurfi; daga nan aka ce maƙeran Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin Dala. Shawararmu ga wannan ƙungiya ita ce ta naɗa kwamitin matasa su ɗauki hoton dattawanmu suna ba da tarihin unguwanni da sarautu, su ɗauki maƙera da masu jima da ranar kasuwa da aikin gayya, a adana, a nuna a taron shekara a fili kamar yadda ake majigi. Kowace damina muna rasa tsofaffi, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ɗaukaka Kademi, Ya shiryar mana da zuriya, amin.