Takardar MOT da Tsohuwar Vespa: Abin da Gwajin Ingila Ke Dubawa

A shekarar 1960, lokacin da Ernest Marples yake ministan sufuri, Birtaniya ta fara gwajin lafiyar ababen hawa da ake kira MOT. Abu uku kacal ake dubawa a lokacin: birki, fitilu da sitiyari, kuma sai abin hawa ya shekara goma yake zuwa gwaji. Yawan waɗanda suka faɗi ya sa aka rage shekarun zuwa bakwai a ƙarshen 1961, sannan zuwa uku a 1967. An ƙara duba tayoyi a 1968. Yawancin Vespa da Lambretta da ke kan titi a 1960 ba su ma kai shekarun shiga layi ba, domin Piaggio ya fara ƙera Vespa ne a 1946, Innocenti ya biyo da Lambretta a 1947, kamfanin Douglas na Bristol kuma bai fara haɗa Vespa a Ingila ba sai 1951.

Da dokar shekara uku ta zo, sai baburan samarin nan da ake kira Mods, waɗanda suka cika bakin tekun Brighton a 1964, suka fara cika garejin masu gwaji.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefe yana kallo ya san aikin ba ya daɗewa. Mai gwaji zai ɗaga tayar gaba sama, ya juya kan babur dama da hagu yana jin ko boris na ƙugi ko yana cijewa. Zai kama tayar ya girgiza, domin a Vespa ta gefe ɗaya kawai aka riƙe ta, ɗan motsi kaɗan kuma yana nufin wani abu ya ci. Zai danna gaban ya ga ko shokazoba na riƙewa ko tana tsalle kawai. Zai sa miƙaƙƙen ƙarfe ko igiya ya auna ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Zanen taya dole ya kai zurfin milimita 1. Daga nan sai birki, inda tsofaffin babura suka fi shan wuya: ana so ɗaya daga cikin birkin biyu ya kai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari, ɗayan kashi 25. Birkin baya na ƙafa yakan wuce ba gardama. Na gaba, mai ganga da kebur, shi ne abin fargaba, musamman idan kebur ɗin ya saki ko takalmin birkin ya yi santsi. Lambretta TV 175 ta 1962 ta zo da birki mai faifai a gaba, abin da Vespa PX ba ta samu ba sai a 1998, amma masu TV 175 sun san idan ba a saita shi da kyau ba, bai fi na ganga da komai ba.

Fitila kuma wani labari ne. Yawancin tsofaffin ba su da batir, wutar balt 6 suke samu kai tsaye daga juyin inji. Idan injin na tafiya a hankali fitilar takan yi ja kamar aci-balbal, ham ɗin ma da ƙyar ake jin sa, sai mai babur ya murɗa totur yayin da mai gwaji ke leƙawa. Dokar ta yi musu sassauci: babur ɗin da aka fara hawa kafin 1986 ba a tilasta masa fitilar sigina, kuma ba a auna hayaƙin babur a MOT. Ba don haka ba, injin da ke shan fetur gauraye da mai, yana barin shuɗin hayaƙi a bayansa, da ya daɗe da barin titi.

Abin da sababbin masu saye ba su cika ganewa ba shi ne, MOT ba ya duba lafiyar inji, ko kuloci, ko giya. Mai gwaji ba shi da izinin kwance komai. Babur zai iya cin gwaji da safe, da la'asar a same shi a gefen hanya an buɗe murfin gefe, mai shi yana goge filogi. Abubuwan da ke tsayar da tsohuwar Vespa duk suna inda idon gwaji ba ya kaiwa: robar da ke tare mai a jikin kirankishaf ta bushe tana shigar da iska, har inji ya yi zafi fistin ya ƙame, kwandensa ta mutu, tsatsar cikin tanki ta toshe kafireta, kebur ɗin kuloci ya tsinke a tsakiyar gari. Tun da aka mai da fetur na E10 ya zama na yau da kullum a watan Satumban 2021, tsofaffin bututun roba sun ƙara samun abokin gaba. Tsofaffin bakanike na Kano da Kaduna, waɗanda suka yi zamanin da Vespa ke abin hawan malamai da ma'aikata, ba sa bukatar a karanta musu wannan jeri. Waɗannan matsaloli ne suka sa ƙwararren mahayi a Ingila ba ya fita doguwar tafiya sai da filogi da kebur na ko-ta-kwana, da tayar sifiya a jikin babur.

Ko a inda gwajin ke da hurumi, an sha yi masa wayo. A shekarun 2000 an riƙa shigo da Vespa da Lambretta da aka gyara a Biyetnam, fenti na sheƙi, ga kwalliyar ƙarfe ko'ina. Jikin Vespa kuwa shi ne ƙashin bayanta, domin farantin ƙarfe ne aka matse, ba ta da bututun firam irin na Lambretta. Da bakanike suka fara kankare fentin wasu daga cikinsu, sai suka tarar da gutsattsarin babura daban-daban da aka haɗa da walda, aka shafe da ƙullin cike lamɓa. Mai gwaji ba zai kankare fentin mutum ba. Iyakarsa ya danna da yatsa, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya dogara da ma'aunin layin taya.

Sai kuma gwamnati ta janye hannunta. A watan Nuwamban 2012 aka yafe wa ababen hawan da aka ƙera kafin 1960 yin gwaji. Ranar 20 ga Mayun 2018 aka faɗaɗa yafiyar ga duk wanda ya haura shekara 40, muddin ba a yi masa babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. Hujjar ma'aikatar sufuri ita ce masu irin waɗannan kaya suna kula da su, kuma ba sa yawan hawa. A tuntuɓar jama'a da aka yi, waɗanda suka ƙi sun fi waɗanda suka yarda yawa, amma aka zartar. Hujjar ta fi dacewa da motar da ke kwana a rumfa ana goge ta ranar Lahadi. Masu Vespa da Lambretta hawa suke yi, suna tafiyar ɗaruruwan mil zuwa taron Isle of Wight, kuma da yawansu sun ƙara wa injin ƙarfi da kaya irin su TS1, har babur ɗin ya wuce gudun da aka ƙera birkinsa domin shi. Ko irin wannan ya kai babban sauyi, mai babur ne ke yanke hukunci da kansa, ya cike fom ɗin V112.

Duk Lambretta da aka ƙera a Milan yanzu ta wuce shekara 40, haka ma Vespa PX na farko-farko da suka fito daga 1977. Yafiyar ba ta ɗauke wa kowa nauyin kula ba, domin hawa abin da ke da hatsari na iya jawo tarar da ta kai fam 2,500. Saboda haka wasu suna ci gaba da kai baburansu gwaji bisa raɗin kansu, kuɗin bai wuce fam 29.65 ba, don wani ido dabam ya duba abin da nasu ya saba da shi. Sai dai masu gwajin da suka san kukan boris ɗin Lambretta suna ta yin ritaya, shi ya sa a cikin ƙungiyoyin mahaya ake tambayar juna garejin da har yanzu ke da wanda ya iya duba birki mai ganga.